Babban Buri ko Ƙa'idar Kullum: Wanne Ya Kamata Ka Ɗaura wa Kanka?

Duk lokacin da sabuwar shekara ta kama, ta Musulunci ko ta Bature, ko kuma aka sauko daga Idin ƙaramar Sallah zuciya cike da kuzarin Ramadan, alkawura iri biyu ake ji a bakin mutane. Wani zai ce bana sai ya haddace izu sittin, ko kafin shekara ta zagayo sai ya haɗa kuɗin kujerar Makka, ko kuma JAMB ɗin nan sai ya ci 300. Wani kuwa ko ƙarshen tafiyar ba ya ambata. Abin da zai ce shi ne kullum bayan asuba zai haddace rabin shafi, duk ranar kasuwa zai ware dubu biyar ya jefa a asusu, kowane dare zai yi awa biyu a kan tsofaffin tambayoyin jarrabawa. Na farko ya ɗaure kansa da sakamako, babba, mai wa'adi. Na biyu ya ɗaure kansa da aiki, ƙarami, mai maimaituwa.

A majalisa na farkon ake sara wa. Shi ne mai zuciya, shi ne bai raina kansa ba, kuma masu laccar "kai ma za ka iya" a Facebook da TikTok duk bayansa suke. Na biyun sai a ce mutuwar zuciya ce ke damunsa. A 'yan shekarun nan iska ta fara juyawa, har wasu na cewa buri ba shi da wani amfani, ɗabi'a ita ce komai. Masu nazarin halayyar ɗan Adam sun fi shekara 50 suna gwada hanyoyin nan biyu a kan ɗalibai da direbobi da ma'aikata da masu son rage ƙiba, kuma abin da suka gano bai ba kowane ɓangare gaskiya ɗungurungum ba. Kowace hanya tana da inda take ci, tana da inda take kayar da mai ita, kuma irin aikin da ke gabanka shi ke raba gardama, ba ƙarfin zuciyarka ba.

Abin da babban buri yake yi wa mutum

Edwin Locke na Jami'ar Maryland a Amurka ya wallafa muhimmin bincikensa a kan wannan batu a 1968, daga baya ya haɗu da Gary Latham, ɗan Kanada, suka shafe shekaru suna tattara ɗaruruwan gwaje-gwaje. Abu guda ya yi ta maimaituwa: wanda aka ba takamaiman adadi mai wuya ya fi wanda aka ba adadi mai sauƙi yin aiki, ya kuma fi wanda aka ce wa "yi iya bakin ƙoƙarinka." Wannan maganar ta ƙarshe, duk da daɗinta a kunne, ita ta fi kowacce rauni, don ba ta da ma'auni. Duk inda ka gaji ka tsaya, sai ka gaya wa kanka ai nan ne bakin ƙoƙarin.

Ɗaya daga cikin gwaje-gwajen Latham, wanda aka wallafa a 1975, an yi shi ne da direbobin manyan motocin dakon gumaguman katako. Sun saba loda wa motocinsu kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyin da doka ta yarda su ɗauka, an kuma sha gaya musu su ƙara ƙoƙari, ba abin da ya canza. Da aka yanke musu adadi, aka ce kashi 94 ake so, cikin 'yan watanni lodin ya haura zuwa wajen kashi 90, ya kuma zauna a nan. Ba a ƙara musu albashi ba, ba a yi musu barazanar kora ba. Har wasunsu suka fara yi wa motocin 'yan gyare-gyare don su riƙa gane nauyin lodi kafin a hau sikeli. Adadin ya tattara musu hankali wuri guda, ya sa suka nemo dabarar da da ba su damu da nemanta ba.

Haka abin yake a tseren gudun fanfalaki na kilomita 42. Da aka duba lokutan kammala tsere na mutum kusan miliyan 10, sai aka ga cunkoso dab da cikar awa huɗu: masu gamawa a awa 3 da minti 59 sun fi masu gamawa a awa 4 da minti 1 yawa sosai. Jikin ɗan Adam bai san wani abu awa huɗu ba, zuciya ce ta kafa wa kanta iyaka, ita ke tatso ragowar ƙarfi a kilomitocin ƙarshe.

Don haka masu cewa a ɗaga buri ba tatsuniya suke yi ba. Sai dai a lura da mutanen da abin ya yi wa aiki. Direban nan ya iya lodi tun kafin a ba shi adadi, sikeli kuma yana nan yana gaya masa inda yake a kowace tafiya. Ɗan tseren ya yi watanni yana atisaye, agogo na hannunsa. Locke da Latham da kansu sun gindaya sharuɗɗa: sai mutum ya iya aikin, sai ya karɓi burin da zuciya ɗaya, sai yana samun labarin yadda yake tafiya, sai kuma kayan aikin suna hannunsa. Masu laccar ƙarfafa gwiwa sukan ɗauki rabin farko na binciken su bar sharuɗɗan a ƙasa.

Inda yake kayar da mai shi

Matsala ta farko ita ce ba mu iya ƙiyasin lokaci ba, kuma kuskuren namu kullum gefe ɗaya yake karkata. Daniel Kahneman da Amos Tversky ne suka fara bayyana wannan a 1979. A 1994 Roger Buehler da abokan aikinsa a Kanada suka tambayi ɗaliban shekarar ƙarshe kwana nawa zai ɗauke su su gama kundin bincikensu. A matsakaici suka ce kwana 34. Aka ce to idan komai ya dagule fa, iya dagulewa? Suka ce kwana 49. Da aka zo lissafi, kwana 55 da ɗoriya suka yi. Wato ko mummunan zaton da suka yi wa kansu bai kai gaskiya muni ba, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin uku ne suka gama a lokacin da suka ɗiba. Duk wanda ya taɓa kai ɗinki wajen tela ana saura mako biyu Sallah ya san wannan hali. Telan da ya ce ka dawo jibi galibi ba ƙarya ya shirya maka ba. A ransa yana ganin kansa zaune a kan keke daga safe zuwa dare, wuta ba ta ɗauke ba, yaron shago bai gudu ba, ba a yi rasuwa a unguwa ba. Bara ma haka ya gani, bara waccan ma haka, amma ba ya sa su cikin lissafi. Mai cewa zai haddace Alƙur'ani cikin shekara ɗaya da irin wannan idon yake duban shekarar tasa.

A yi lissafin a fili. Mushafin bugun Madina shafi 604 ne. Idan za a huta Alhamis da Juma'a kamar yadda aka saba a makarantun allo, kwanakin karatu a shekara ba su wuce 260 ba, ke nan sai an haddace fiye da shafi biyu sabo a kowace rana. Ba a zo maganar tilawar abin da aka riga aka haddace ba, wadda kullum ƙaruwa take yi, kuma ita ce ainihin aikin. Yaron da ke makarantar tahfizi ta kwana, ba shi da wani aiki sai wannan, yana iya yi. Magidanci mai shago a Kantin Kwari, ko uwa mai goyo da aikin gwamnati, idan ya ɗaura wa kansa wannan, ya rubuta ranar karayarsa da hannunsa.

Ta biyu ta fi ɓoyuwa. Gabriele Oettingen, Bajamushiya mai koyarwa a Jami'ar New York, ta daɗe tana nazarin abin da mafarkin nasara yake yi wa mutum. A wani bincikenta da aka wallafa a 2002, ɗaliban da suka fi yawan kwatanta kansu a zuci sun samu aikin da suke so, su ne suka fi ƙarancin aika takardun neman aiki, kuma bayan shekara biyu sun fi ƙarancin samun tayi da albashi. Bayaninta shi ne zuciya takan ɗanɗani daɗin nasarar tun kafin a yi aikin, sai ƙishirwar ta ragu. Babban buri kuwa shi ya fi daɗin mafarki. Ba wanda ke kwanciya yana hango kansa yana maimaita rabin shafi sau arba'in, walimar sauka ake hangowa, da rawani da 'yan uwa.

Ta uku ita ce abin da ke biyo bayan tuntuɓe na farko. Peter Herman da Janet Polivy na Jami'ar Toronto sun yi shekaru suna nazarin masu takura wa kansu a cin abinci. A wani sanannen gwaji, aka fara ba mutane wani abin sha mai kauri na madara da sukari, sannan aka ajiye musu askirim aka ce su ɗanɗana yadda suke so. Waɗanda ba sa wata takura, da suka ƙoshi da madarar sai suka ci askirim kaɗan, kamar yadda hankali zai ba ka. Masu takurar kuwa akasin haka suka yi: da suka ga dokar yau ta riga ta karye, sai suka ci fiye da waɗanda ba a ba madarar ba. Tunanin shi ne tunda an ɓata goma, biyar ma ba za ta gyaru ba. Buri mai layi ɗaya, ko ka kai ko ka faɗi, yana haifar da wannan. Wanda ya ce zai sauke sau uku a Ramadan, ran goma ga wata ya ga yana izu na goma sha biyu, sau da yawa ba ya rage burin zuwa sauka ɗaya, ajiye Mushafin yake yi gaba ɗaya. Polivy da Herman sun kuma lura cewa irin wannan mutum badi zai dawo da burin nan dai, ko wanda ya fi shi, domin ya ɗora laifin a kan rashin ƙoƙarinsa, bai ɗora a kan lissafin ba.

Akwai ta huɗu, wadda ni a ganina ita ta fi haɗari a harkar kuɗi. Idan adadi ya fi ƙarfin hanyar halal, mutum yakan fara leƙen wata hanyar. A 2016 aka ci tarar bankin Wells Fargo na Amurka dala miliyan 185 bayan an gano ma'aikatansa sun buɗe wa mutane asusun ajiya ba da saninsu ba, don su cike adadin da shugabanni suka ɗora musu. Mutum ɗaya ma yana iya yi wa kansa abin da bankin ya yi wa ma'aikatansa. Matashin da ya rantse sai ya yi miliyan goma kafin ya cika shekara 30, alhali cinikinsa bai nuna haka ba, shi ne abincin masu cacar ƙwallo da masu "zuba dubu ɗari ka kwashi dubu ɗari da talatin." Mun ga yadda MMM ta rufe asusun mutane a Disambar 2016, ba ita ce ta ƙarshe ba kuma. Zafin nema ba ya kawo samu.

Ƙa'idar kullum da abin da take ginawa

A 1981 Albert Bandura na Jami'ar Stanford da Dale Schunk suka ɗauki yaran firamare da lissafin ɗebewa ya gagara, suka ba su littafin aiki mai shafi 42 da za su yi a zama bakwai. Wasu aka ce musu su yi niyyar gama shafi 42 zuwa ƙarshe. Wasu aka ce su yi niyyar shafi 6 a kowane zama. Aiki ɗaya ne, adadi ɗaya. Amma 'yan shafi shida sun fi saurin ci gaba, sun fi cin jarrabawar ƙarshe, kuma abin da ya fi ba ni sha'awa, da aka bar su su zaɓi abin da za su yi don nishaɗi, sun fi sauran komawa ga lissafin da a da suke gudu. 'Yan shafi 42 kuwa kusan ba su bambanta da waɗanda ba a ba wani buri ba. Bandura ya ce yardar mutum da iyawarsa ba daga lacca take zuwa ba, daga ganin kansa ya yi abu ya gama take tsirowa. Ƙaramar ƙa'ida tana ba ka wannan shaidar kullum. Babban buri sai ranar ƙarshe yake ba ka ita, idan ka kai.

Malaman allo sun riga Bandura sanin wannan da ɗaruruwan shekaru. Ba a ce wa ƙolo ya hango izu sittin. Abin da ke kan allonsa shi ne duniyarsa, ya biya, ya riƙe, malam ya saurara, a ce ya wanke, a yi masa ƙari gwargwadon kansa. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Nana A'isha, cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne, kowa ya san shi. Wanda ba a cika kawowa ba shi ne labarin Abdullahi ɗan Amr ɗan As, wanda yana matashi ya ɗaura wa kansa azumi kullum da tsayuwar dare duka. Annabi (SAW) ya yi ta sassauta masa, yana cewa zai iya fiye da haka, har aka tsaya a azumin Annabi Dawuda, yau a yi gobe a sha. Da ya tsufa ya riƙa cewa ina ma ya karɓi rangwamen da aka yi masa. Ƙa'idar da za ka ɗauka, ka auna ta da ranar da ba ka da lafiya da ranar da baƙi suka cika gida, kada ka auna ta da ranar da kake jin kanka kamar zaki.

Ƙarfin ƙa'idar kullum yana ƙaruwa idan an ɗaure ta da wani lokaci da wuri. Peter Gollwitzer ya gwada wannan da ɗalibai a Jamus: aka ce su rubuta rahoton yadda suka yi jajibirin Kirsimeti su aiko cikin kwana biyu. Rabinsu aka sa su faɗi takamaiman lokaci da wurin da za su zauna su rubuta. Kusan kashi uku cikin huɗu na waɗannan suka aiko a kan lokaci, na ɗaya rabin kuwa kashi ɗaya cikin uku kacal. Mai cewa "shafi huɗu bayan kowace sallar farilla" a Ramadan wannan dabarar yake amfani da ita, shafi 20 a rana, sauka ɗaya a wata, ba tare da ya tsaya kullum yana shawara da kansa kan yaushe zai fara ba.

Sai dai kada a yi zaton abin zai zama jiki cikin mako uku kamar yadda ake yaɗawa. Phillippa Lally da abokan aikinta a Landan sun bi mutum 96 na tsawon mako 12 suna ƙoƙarin kafa sabuwar ɗabi'a guda. Matsakaicin lokacin da abin ya ɗauka kafin ya zama ba sai an yi tunani ba kwana 66 ne, wani ya samu a kwana 18, wani lissafi ya nuna sai ya kai 254. Sun kuma ga cewa tsallake rana ɗaya bai rusa komai ba.

A kuɗi ma haka. Wani bincike a yammacin Kenya ya nuna cewa ba mutane akwatin ƙarfe mai kwaɗo kawai, su riƙa jefa abin da suka samu, ya ƙara abin da suke kashewa a kan kariyar lafiya da kusan kashi biyu cikin uku. Asusu ke nan, da adashi, waɗanda iyayenmu mata ba su taɓa jiran wani bincike a kansu ba. Malesiya ta gina Tabung Haji, asusunta na tara kuɗin zuwa Hajji, a kan wannan tunani tun 1963, a Najeriya ma hukumar alhazai ta ƙasa ta ƙaddamar da shirin adashin gata na aikin Hajji tare da bankin Jaiz a 2020.

Raunin da masu yabonta ba sa faɗa

Ƙaramar ƙa'ida tana iya zama rufi a maimakon daɓe. A 1997 Colin Camerer da abokansa suka duba takardun direbobin tasi na New York, suka ga alamar cewa da yawa, musamman sababbin shiga, suna da adadin da suke nema a rana, da sun cike sai su tashi. Sakamakon shi ne ranar da fasinja ya yi yawa suna tashi da wuri, ranar da gari ya bushe su kai dare suna yawo, alhali akasin haka ne zai fi kawo kuɗi da hutu. Wasu masana tattalin arziki sun yi jayayya da ƙarfin wannan sakamako daga baya, amma duk wanda ya san ɗan adaidaita sahun da ke ajiye keke da zarar ya haɗa balas da kuɗin cefane, ko da ranar ana ruwa fasinja na rububi, ya san halin akwai shi.

Rauni na biyu ya fi tsanani: wasu abubuwan ƙofa gare su, ko ka kai ko ba ka shiga. Kujerar Hajji a 2023 ba ta kai naira miliyan 3 ba, a 2025 ta haura miliyan 8. Wanda ke jefa dubu biyar duk mako da aminci, bai taɓa fashi ba, shekararsa dubu 260 ce, kujerar kuwa gudu take yi tana barinsa. Ƙa'idarsa ba ta karye ba, amma ba za ta kai shi Makka ba, kuma daɗin "ai ina ƙoƙari" zai iya hana shi ganin haka na tsawon shekaru. Haka ɗalibin da ke awa biyu kowane dare yana maimaita darasin da ya riga ya iya. Sannu ba ta hana zuwa, gaskiya ne, amma sai in wurin da za a je yana tsaye.

To wanne za ka ɗauka?

Tambaya ta farko: ka iya aikin ko koyo kake yi? Ruth Kanfer da Phillip Ackerman sun gwada kuratan sojan saman Amurka da aikin kula da zirga-zirgar jirage a kwamfuta, suka ga cewa ba su adadi mai wuya tun suna farkon koyo rage musu ƙwazo ya yi, domin hankalin da ya kamata ya tafi ga fahimtar aikin ya tafi ga fargabar maki. Idan yau ka fara sayar da kaya ta intanet, ko koyon ɗinki, ko Larabci, buri na adadin kuɗi ko na wa'adi zai cutar da kai. Ɗauki ƙa'idar kullum, ka sa burinka ya zama na gano yadda abin yake aiki. Idan kuwa shekararka goma a sana'ar, ka san hanya, kawai ka saki jiki ne, to ƙaramar ƙa'ida za ta ƙara maka barci. Kai ne direban katako, adadi mai zafi kake bukata.

Ta biyu: sakamakon a hannunka yake? Yawan shafin da za ka karanta a hannunka yake. Farashin dala, ruwan damina, da wanda za a ɗauka aiki cikin mutum dubu ba a hannunka suke ba. Duk inda rabon wasu ya fi naka yawa a cikin sakamakon, ɗaure kanka da aikin. Manomi yana iya yi wa kansa alkawarin shuka a kan lokaci da noma biyu da taki, buhu nawa zai ɗauka kuwa fata ne.

Ta uku: idan ka kai kashi 70 cikin ɗari, ka ci riba ko ka tashi a tutar babu? Wanda ya nufi izu sittin ya tsaya a arba'in ya samu arba'in. A irin wannan ba laifi a ɗaga buri, matuƙar mutum zai iya kallon arba'in ɗin a matsayin samu. Amma wanda ya ci bashi ya kama shago bisa lissafin cinikin da bai taɓa yi ba, kashi 70 ɗinsa karyewa ce. Inda faɗuwa ke da tsada, a yi lissafi da mafi munin shekara.

Ga mafi yawan mutane, a mafi yawan abubuwan da ke ɗaukar fiye da wata uku, ni ƙa'idar kullum nake ba wa rinjaye, da sharaɗi guda: a bar babban burin yana nan a matsayin alƙibla, a riƙa fito da shi duk ƙarshen wata ana auna ƙa'idar da shi. Rabin shafi a rana, kwana biyar a mako, zai kai ka ƙarshen Mushafi cikin shekara huɗu da rabi da 'yan kai. Ka yarda da wannan? In ka yarda, shi ke nan. In ba ka yarda ba, ko ka ƙara ƙa'idar ko ka nemo lokacin da za ka ƙara ta da shi, amma ba za ka riƙe rabin shafi kana mafarkin shekara ɗaya ba. Babban buri shi kaɗai kuwa na bar wa gajeren zango mai wa'adi tsayayye, a aikin da aka riga aka iya: mako shida kafin jarrabawa, kakar ciniki kafin Sallah, goman ƙarshe.

Daga ina adadin zai fito?

Daga tarihinka, ba daga sha'awarka ba. Wannan ne maganin da Kahneman ya bayar ga cutar ƙiyasi: ka daina kallon aikinka kamar ba a taɓa yin irinsa ba, ka tambayi yadda ta kaya da waɗanda suka yi, har da kai kanka a baya. A JAMB ta 2024 kusan kashi 76 cikin ɗari ba su kai maki 200 ba, waɗanda suka kai 300 kuwa ba su cika kashi ɗaya cikin ɗari ba. Wannan ba ya nufin kada ka nemi 300. Yana nufin idan gwajin da ka yi wa kanka da tsofaffin tambayoyi ya ba ka 180, burin wata mai zuwa 210 ne, sai ka taka shi ka sake ɗagawa. Kafin ka yanke wa kanka kowace ƙa'ida, yi mako biyu kana rubuta abin da kake yi a zahiri, sannan ka ɗora kaɗan a kai.

Dabaru biyu suna rage haɗarin watsar da komai bayan tuntuɓe. Ɗaya ita ce a sa wa burin ƙasa da sama: daga rabin shafi zuwa shafi ɗaya, daga dubu uku zuwa dubu bakwai. Na ƙasan yana tsare ka ranar wuya, na saman yana ja ka ranar daɗi. Ɗayar kuma Marissa Sharif da Suzanne Shu ne suka gwada ta: waɗanda aka ce su yi abu kwana bakwai a mako amma suna da ranakun uzuri biyu a ajiye, sun fi waɗanda aka ce kwana biyar dagewa, sun kuma fi waɗanda aka ce bakwai ba uzuri. A lissafi biyar da "bakwai ban da biyu" duk ɗaya ne. A zuci kuwa mutum yana ƙyashin taɓa ajiyarsa, in kuma ya taɓa ba ya jin ya karya doka.

Oettingen ma ba ta ce a daina mafarki ba. Ta ce bayan ka hango abin da kake so, nan take ka juyo ka kalli abin da ke cikinka da zai hana, ka ambace shi da sunansa, ka tanadar masa amsa. Idan waya ce ke cinye bayan asubarka, amsar ita ce ta kwana a wani ɗaki. Ta kuma lura cewa wannan dubawar takan sa mutum ya saki burin da ba zai yiwu ba tun da wuri, wanda shi ma riba ce.

Saura maganar wa za a gaya wa. Gollwitzer ya gano a 2009 cewa ɗaliban da aka san niyyarsu ta zama wani abu, aka kuma nuna an sani, sun fi saurin sassautawa a aikin, kamar sanin da mutane suka yi ya ba su wani yanki na matsayin tun kafin su same shi. Saboda haka sanar da duniya a shafinka cewa ka fara hadda ko za ka buɗe kamfani ba shi ne zai riƙe ka ba. Abin da ke riƙe mutum shi ne wanda zai tambaye shi aikin, ba burin ba: malamin da za ka biya wa duk Asabar, uwar adashin da za ta aiko yarinya ranar zubi, abokin da za ku haɗu ƙarfe huɗu ku yi tambayoyi hamsin ku duba amsa tare. Babban burin ka bar shi tsakaninka da mutum ɗaya ko biyu, waɗanda in sun ga lissafin bai fita ba za su iya gaya maka a fuska.